Robar ƙofa da gwangwanin gam

Wannan mako na ajiye maganar farashin gero da ta albashi gefe guda, zan kawo muku wata magana wadda na san wani zai ce ba ta isa a ɓata mata tawada ba. Maganar robar ƙofar mota ce, baƙar robar nan da ke kewaye da bakin ƙofa, wadda Faransawa ke kira joint de portière, mu kuma muke buɗe ƙofa mu rufe sau goma a yini ba mu taɓa tsayawa mun dube ta ba. Ni ma da haka nake. Shekara huɗu ina tuƙa motata ban san kowace ƙofa tana da roba iri biyu ba, sai da ɗan hakin da na raina ya tsone mini ido.

Motar tawa Toyota Corolla ce ƙirar 1998, cikin irin waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano bayan sun cinye ƙuruciyarsu a Turai, waɗanda mutanenmu suka laƙaba wa suna au revoir la France. Na saye ta a 2019 hannun wani ma'aikacin gwamnati da aka yi wa canjin wurin aiki, shi ma a hannun wani ya saya. Injinta bai taɓa ba ni kunya ba. Duk mai tsohuwar mota ya san inda hankalinsa yake tafiya: mai, taya, batir, birki. In kuɗi sun yi saura a gyara fitila. Roba kuwa tana can tana shan rana da ƙura, tana bushewa, tana tsagewa a kusurwoyi, ba mai tambayar lafiyarta. Na dai lura cewa in na wuce kilomita 80 a awa, iska na yi mini fito a kunnen hagu. Sai in ƙara muryar rediyo.

A ƙarshen watan Disamba na 2023 muka tashi daga Maraɗi za mu suna a wani ƙauye bayan Damagaram, ni da maiɗakina da ɗiyarmu, wadda a lokacin take da shekara 5. Hunturu ya kankama. Ranar hazo ya sauko har ba ka ganin motar da ke tahowa sai ta matso, irin farar ƙurar nan mai laushi kamar garin alkama, wadda masana suka ce mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Cadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar ƙasarsa a fili iska na ɗiba. Na rufe gilasai ruf, na ce mu dai muna cikin ɗaki. Kafin mu kai Tasawa na ga maiɗakina tana share gaban mota da gefen mayafi. Da muka bar kwalta muka hau jar hanya, duk babbar motar da ta gifta mu sai in hangi ƙura a madubi tana shigowa siriri ta saman ƙofar baya, daidai inda yarinyar take zaune, kamar hayaƙin turaren wuta. Yarinyar nan tana da ciwon fuka tun tana goye. Ta fara da tari, daga nan numfashi ya riƙa fita da ƙara, kafin magariba ƙirjinta na shiga yana fita kamar na ɗan tsako.

Ba mu ga suna ba. A ɗakin shan magani muka kwana, uwar na riƙe da ita a zaune domin kwanciya ta gagara, ni kuma ina kai da kawowa a waje ina lissafin abin da na yi da wanda ban yi ba. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi, da asuba numfashi ya daidaita. Malamin asibitin da ya duba ta bai ja magana ba, ya ce a nisanta ta da ƙura da hayaƙi gwargwadon iko. Maiɗakina ma ba ta ja magana ba. Da muka komo gida ta ce: "Ni da ɗiyata mun bar shiga motar nan sai ran da ka toshe ta."

Ku tuna lokacin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakarmu da Najeriya da ta Benin, ba a kuma buɗe ta Najeriya ba sai a watan Maris na 2024. Mu mutanen Maraɗi, da yawancin kayan gyaran motarmu daga Kano da Katsina suke zuwa ta Jibiya da Ɗan Isa, mun ji a jikinmu. Abin da ke shigowa ta bayan fage ya yi tsada, kuma ba wanda zai ɗauki kasada domin robar ƙofa. Na zaga shaguna, babu ta irin motata. Sai wani ya nuna mini wani saurayi mai gyaran kujerun mota, wanda ke da roba a naɗe kamar igiyar guga yana sayarwa mita-mita. Ya ce tana shiga kowace mota. Ya ce da gam ake sa ta, wanda wasunmu ke ce wa kol.

A nan dole in faɗi gaskiya a kan kaina, domin ba saurayin nan kaɗai ya yi aikin ba. Ya fizge tsofaffin robobin, na ji wasu ƴan abubuwa suna karyewa ƙas-ƙas suna zuba cikin ƙofa, ban tambaya ba. Ya buɗe gwangwanin gam ruwan ɗorawa, irin mai warin nan da ke hawa kai wanda masu gyaran takalma ke aiki da shi, ya fara shafawa siriri. Ni ne na ce ya ƙara. Na ce masa: "Kai, malam, kada ka yi mini rowa, ni zan biya." Ina tuna daren da muka yi a ɗakin shan magani, gani nake yawan gam shi ne yawan tsaro. Ya kwarara, ya ja robar da ƙarfi domin ta zagaye kusurwa ba tare da ta tattare ba, ya manna, ya buga ƙofa. Gwangwani guda da rabi muka cinye a ƙofa huɗu. Na biya jika 18, na karɓi ragowar gwangwanin, na tafi gida ina jin kaina kamar wanda ya kewaye gidansa da katanga.

Sati guda motar na wari. Warin nan kuwa, in ɗan ratse, ba abin wasa ba ne: ruwan da aka narkar da gam ɗin a cikinsa ne ke tashi, kuma irinsa ne yaran nan marasa galihu na tasha ke shaƙa a tsumma har hankalinsu ya gushe. Ni da na fita neman iska mai tsabta domin mai fuka, shi na cika mata mota da shi. Sai da ya lafa uwar ta yarda aka sa ta ciki.

Har ƙarshen sanyi abin ya yi kamar ya yi. Sai bazarar 2024 ta zo, wadda kowa ya san irin zafin da ta sauke wa ƙasashen Sahel. Ƙarfen motar da ta yini a rana ya fi iskar gari zafi nesa ba kusa ba, hannu ba ya iya daɗewa a kansa. Robar da aka ja da ƙarfi ta fara komawa tsawonta na asali, ta janye daga kusurwoyin sama ta bar kafar da yatsa ke shiga. Gam ɗin da aka kwarara da kauri, wanda samansa ya bushe cikinsa bai bushe ba, ya yi laushi ya riƙa tsattsafowa. Wata Asabar muka je biki, maiɗakina ta fito daga mota da baƙin layi mai danƙo a gefen sabuwar shaddarta. Ba zan maimaita muku abin da aka faɗa mini ba. Ruwan farko na watan Yuni kuma ya sauka cikin motar kamar yadda ya sauka a waje. Da safe na tarar da shimfiɗar ƙasa ta jiƙe sharkaf, na buɗe ƙofar gaba na ji ruwa na kaɗawa a cikinta kamar tulu a kan jaki. Gyaran gangar Abzinawa ke nan, in ji magabata.

Wani abokin aikina ne ya kai ni wurin wani dattijo mai gyaran jikin mota, a wani lungu, ƙarƙashin inuwar dogon yaro. Ya haura shekara 70. Ya koyi aiki tun zamanin Peugeot 404 da manyan motocin Berliet, kuma da na faɗi gidanmu sai ya ce ya san marigayi mahaifina, shi ne ya riƙa buga masa jikin 504 ɗinsa. Ya zagaya motata sau ɗaya, ya kama bakin robar da yatsa biyu ya ja, ta biyo shi da zaren gam kamar yauƙin kuɓewa.

Ya ce: "Wa ya yi maka wannan?"

Na ce: "Baba, wani yaro ne, amma ni na sa shi."

Ya ce: "To, gara da ka faɗa. Ɗana, wanda ya ƙera motar nan ya sa mata gam a nan?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce: "Da aka cire tsohuwar, ka ga busasshen gam a ƙarƙashinta?"

Na yi shiru ina tunani. Ƙarfe ne na gani sumul, sai ƴan ramuka a jere.

Ya ce: "Ai motar ta riga ta ba ka amsa, kai ne ba ka saurara ba."

Yini biyu yaransa suka yi suna kankare gam, ni kuma ina zaune kan benci ana karanta mini darasi. Abin da na ɗauka shi ne cewa robar ƙofa iri-iri ce, kuma tambayar a sa gam ko kada a sa ba ta da amsa sai an san wace iri ce ke hannu. Ya kai ni wurin wata Corolla da ta yi hatsari, tana ajiye a bayan garejin, ya nuna mini ta farko. Ita tana jikin motar, tana bin bakin ramin da ƙofa ke rufewa. A wurin akwai wani siririn leɓen ƙarfe, inda aka haɗa fallayen jikin mota aka yi musu walda. Robar tana da tsaga a tsawonta, da ƴan haƙoran roba a ciki, an kuma binne siririn ƙarfe cikin namanta. Ana tura ta kan leɓen ne ta cije shi. Wannan ba ruwanta da gam. In ta yi sako-sako sai a cire, a ɗan matse bakinta, a mayar, ta koma ta kama. Ta biyu tana jikin ƙofar kanta, tana ɗauke da ƴan ƙusoshin filastik a jere, kowace na shiga raminta ta yi ƙas. Su ne na ji suna karyewa ranar da saurayin ya fizge. Ita ma ba ta neman gam. In ƙusa ta karye, ƙusa ake sakewa.

Sa'an nan akwai wadda gam ne kaɗai ke riƙe ta. Ita ce ta tsofaffin motoci da yawa, da ta motocin kaya da na fasinja waɗanda aka ƙera musu jiki a garejin gida, inda roba ke kwanciya kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe ko cikin ɗan kwari, ba leɓe ba rami. Akwai kuma ta zamani mai zuwa da danƙonta a baya, a ɓare takarda a manna. Dattijon ya ce: "Ni ba maƙiyin gam ba ne. Shekarun da na yi ina shafa shi sun fi naka na duniya. Amma ba a sa wa mai lafiya ɗauri."

Ya ce ko inda gam ya wajaba, ba yadda na sa aka yi ake yi ba. Sai an kankare tsohon gam da tsatsa, a goge maiƙo, a bar wurin ya bushe. Sabuwar robar ma sai an goge bayanta, domin tana fitowa daga masana'anta da wani santsi ko farin gari da aka sa don kada ta manne wa mazubinta, kuma gam ba ya kama wannan santsi. Daga nan a shafa siriri a ƙarfe, siriri a roba, a jira ƴan mintoci har in ka taɓa da bayan yatsa ka ji danƙo amma bai biyo ka ba, sa'an nan a haɗa a danna. Irin wannan gam sai ya sha iska yake kamawa. In an kwarara shi, ruwansa ya rasa hanyar fita, ya zauna a ciki yana jiran bazara. Bai kuma yarda da ɗan ƙaramin gam ɗin nan mai kamawa nan take ba, wanda ake samu a teburin kowane mai shago. Ya ce yana sandarar da roba, ta bar lanƙwasa, ta tsage. Amfaninsa ɗigo guda ne, a inda bakin roba biyu suka haɗu.

Da na koma gida na bincika, irin halinmu na ƴan lakwal da ba mu yarda da magana sai mun gan ta a rubuce, na tarar dattijon bai kauce ba. Yawancin robobin ƙofa na motocin yanzu da wata roba ake yin su mai suna EPDM, wadda aka fara sarrafawa a farkon shekarun 1960. An zaɓe ta domin tana jure rana da zafi da ruwa fiye da robar itace. Amma fatarta ba ta karɓar gam da sauƙi, shi ya sa maƙera suka fi son su riƙe ta da leɓe da ƙusa. Ba ta kuma shiri da fetur da danginsa, wato gazuwal da kananzir da baƙin mai, har da basilin na shafawa. Suna kumbura ta, ta yi laushi, ta lalace. Ku tuna da wannan ran da yaro mai wankin mota zai ɗauko tsumma da gazuwal ya ce zai sa muku roba ta yi ƙyalli. Ruwa da sabulu sun isa, in kuma an samu man silikon ko gilisarin a ɗan shafa kafin hunturu da kafin bazara. Shi kuwa gam ɗin ruwan ɗorawa, asalinsa wata roba ce dabam, niyofiren, wadda kamfanin DuPont na Amurka ya gano a 1930.

Abin da ya fi ƙona mini rai sai bayan an kankare ya fito. Dattijon ya buɗe ƙofar direba, ya sa hannu ƙarƙashinta ya ɗaga, ta yi ƙwas ta tashi kusan rabin santimita. Sandar da ƙofar ke juyawa a kanta ta cinye, ƙofar ta sunkuya. Wato fiton da nake ji shekara huɗu ba laifin roba kaɗai ba ne, ko ta zinariya aka sa kafa za ta rage a sama. Ƙofar baya ta wajen yarinyar kuma, leɓen ƙarfen ya lanƙwashe a kusurwa, tsatsa ta ci wani sashe nasa ƙarƙashin fenti, alamar wani tsohon karo da aka shafe tun kafin motar ta zo hannuna. A ƙasan ƙofofi, gam ya toshe ƴan ramukan da aka bari domin ruwan da ya bi gilashi ya samu mafita. Shi ne ruwan da na ji yana kaɗawa, kuma da ya cika damina guda a wurin, da tsatsa ta cinye ƙofar daga ciki ban sani ba. Duk waɗannan suna nan ranar da na biya jika 18, gam ya lulluɓe su na wata uku.

Ya kuma buɗe ƙofar wurin kaya, wadda ni ban ma sa ta cikin lissafi ba. Robarta ta yanke wajen taƙi guda, daidai saman bututun hayaƙi. Ya ce wannan ta fi sauran duka haɗari. In mota na gudu, iskar da ke bayanta na murɗawa ta komo, ta tura ƙura da hayaƙi ta kowace kafa, balle in an ɗan sauke gilashin gaba, abin da ke sa motar ta riƙa zuƙo iska daga baya. A cikin hayaƙin nan akwai iska mai guba da Faransawa ke kira monoxyde de carbone, ba ta da wari ba ta da launi, tana fara wa mutum da ciwon kai da jin barci. Na tuna sau nawa muka ce yarinyar nan da ta shiga mota sai barci, muna dariya. Ban ce hayaƙi ne ba, yara na barci a mota ko'ina a duniya. Amma dariyar ta fita daga raina.

Muna shan shayi na tambaye shi me ya sa kowa ke gudu wurin gam. Ya ce in tambayi talauci. Ya tuna mini da watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa, faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. An kwana an tashi kayan gyaran da ke zuwa daga Turai sun ninka kuɗi, ga ma'aikata na bin gwamnati albashin watanni. Mahaifina, malamin lakwal, yana cikinsu. Ina ƙarami lokacin, amma na tashi na ga 504 ɗinmu da igiyar tsohon tiyub ɗaure a ƙofar baya. Masu Peugeot ma sun ɗan samu sauƙi, domin tun 1975 aka fara haɗa ta a Kaduna, kayanta na samuwa a Kano da naira. Sauran kuwa sai dabara: a yanka tiyub, a naɗe, a manna. Dabarar nan ta rufa wa mutane asiri, ba na raina ta. Sai dai yaran da suka koyi aiki a wancan zamani sun tashi suna ganin gam shi ne aikin, su kuma suka koya wa nasu yaran haka. Mu masu mota ma muna da namu kason. Muna son mu ga an shafa wani abu, mu ji wari, kafin mu yarda an yi aikin da ya cancanci kuɗinmu. Wanda ya tura roba da babban yatsa cikin minti 20 ya ce ya gama, gani muke ya cuce mu.

Ƴan kasuwarmu masu sayar da kayan mota kuma, ina da roƙo guda gare su. Robar mita halal ce, tana da wurinta, amma siffarta da kaurinta sun bambanta daga wannan naɗi zuwa wancan. A bar ce wa mai saye tana shiga kowace mota. A ce masa ya yanko guntun tsohuwar ya kawo, a gwada baki da baki. In ta fi kauri ƙofa ba za ta rufu ba sai da duka, in ta fi siranta ƙura ta samu hanya.

Tun da an riga an buɗe iyaka, dattijon ya aika Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, aka kawo robobin da ƙullin ƙusoshi cikin kwana 9. Kafin su iso ya sake sandar ƙofar direba, ya miƙe leɓen nan da ƴar guduma, ya kankare tsatsa ya shafa fenti, ya buɗe ramukan ruwa da waya. Ranar sawa ya shimfiɗa robobin a rana na ɗan lokaci domin su saki naɗin da suka yi a hanya. Ya fara daga kusurwar sama, ya bi gefe biyu yana gangarowa, yana turawa ba ya ja. Inda ta yi gardama ya ɗan shafa ruwan sabulu, ya bubbuga da gudumar roba. Da ya iso ƙasa, inda baki biyu za su haɗu ƙarƙashin farantin da ake takawa, ya yanke ta da rarar kamar santimita guda, ya cusa, ya ce roba raguwa take yi ba ta ƙaruwa. A duk aikin, gam wuri biyu kacal ya taɓa: ɗigo a mahaɗar robar wurin kaya, da tsawon yatsa a kusurwar ƙofar yarinyar, inda tsatsa ta cinye leɓen har ba abin da roba za ta ciza. Da tsinken ashana ya shafa shi.

Sa'an nan ya ce in miƙo masa jaridar da ke kan kujera. Fitowar makon ce, da rubutuna a ciki. Ya yage siririn yanki daidai kan shafina, ya sa a bakin ƙofa, ya rufe, ya ja. Takardar ta yi gardama kafin ta fito. Ya matsa taƙi guda ya sake, haka har ya zagaye ƙofa huɗu. A wuri guda ta zare ba wuya, sai ya kwance ƙarfen da makulli ke kamawa ya matsar da shi ciki kaɗan, ya sake gwadawa. Ya miƙo mini ragowar jaridar ya ce: "Ashe tana da amfani." Yaransa suka yi ta dariya. Ya gargaɗe ni cewa ƙofofin za su yi taurin rufewa na sati biyu ko uku kafin roba ta kwanta, kada in riƙa buga su da ƙarfi, kada kuma in bari wani ya ce zai rage mini ita da reza.

Da kuɗin roba da na aiki da na kankare ɓarnar farko, jika 65 suka tafi. Na ce masa ai a watan Janairu iyaka na rufe, ba yadda zan yi. Ya ce da na zo masa da tsofaffin robobin a jikinsu, da ya gyara ƙofar ya miƙe leɓen ya toshe ta wurin kaya, kuma da sun kai ni har a buɗe hanya.

Damina ta 2024 ta zo da ruwan da ya rushe gidaje a Maraɗi da Damagaram, har tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni ya faɗi a farkon watan Satumba. A irin wannan shekara mutum na jin nauyin ya ce shimfiɗar motarsa ta kwana a bushe, amma ta kwana. Da hunturu ya komo muka sake ɗaukar hanyar ƙauyen nan, muka tarar yaron da ba mu ga sunansa ba har ya fara tatata. Bayan Tasawa maiɗakina ta shafa yatsa a gaban mota, ta duba, ba ta ce komai ba. Maganin shaƙar yarinyar yana cikin jaka, ba mu fita ba shi, domin roba ba ta warkar da fuka. Dattijon ya ce in riƙa kawo masa kusurwar nan mai gam kowace shekara kafin ruwan farko, ita ce za ta fara saki. Rabin gwangwanin da ya rage kuwa yana nan bisa taga a gidana, ya ɗan yi kauri. Da shi na manne takalmin lakwal na yarinyar kwanan baya, siriri a sama, siriri a ƙasa, na jira ya sha iska.